Guguwa da Kilomita Goma Sha Takwas

Shagona na ɗinki yana kallon ƙofar gidan Guguwa ne, saboda haka a wannan labari ni ganau ne, ba jiyau ba. Sunan nan Guguwa shi ya raɗa wa kansa, mu kuma muka karɓa don a zauna lafiya. Shekara goma ke nan da likita ya ce masa ya riƙa ɗan gudu da safe ko tumbinsa ya ragu. Tumbin yana nan daram. Abin da ya ƙaru shi ne takalman gudu ƙafa bakwai, da lambobin yabo irin waɗanda ake rataya wa duk wanda ya iso ko da an fara kwashe kujeru, da wani agogon hannu mai ƙirga nisan da mutum ya gudu.

Agogon nan shi ne ubangidansa, kuma doka biyu yake bi a kansa. Ta farko, gudun da agogo bai gani ba, ba a yi shi ba. Ta biyu, ba a tsayawa a kan guntun lissafi. In ya iso gida agogo ya nuna kilomita huɗu da ɗigo takwas, sai ka gan shi yana kai da komo a ƙofar gidansa kamar kazar da ke neman wurin saka ƙwai, har sai biyar ɗin ta cika cif.

'Yarsa ɗaya ce tak, yana kiranta Tsigi, wai da aka haife ta ba ta cika tafin hannunsa biyu ba. Yanzu kuwa sai ta sunkuya take shiga shagona. Ranar Asabar za ta cika shekara goma sha takwas, ranar Litinin kuma ta tafi jami'a a wani gari mai nisa. Ana saura kwana uku ta zo gwada rigar da na ɗinka mata, uban ya biyo ta yana tsalle-tsalle a wuri ɗaya wai kada jikinsa ya huce.

"Baba, abu ɗaya nake roƙonka," in ji ta, ina daidaita mata hannun riga. "Ƙarfe biyar za a yanka kek. Ka zauna a kujera kusa da ni. Bara kana wurin tsere, bara waccan ma haka. Wannan ne na ƙarshe da zan yi a gida."

"Zama?" Guguwa ya tsaya cak. "Haba Tsigi, zama ai kowane uba ya iya. Ni abin da zan yi miki sai jikokinki sun ba da labarinsa. Kilomita goma sha takwas! Kowace shekara kilomita guda!"

Nan take ya zayyana mana tsarin. Zagayen unguwarmu kilomita ɗaya ne, daga ƙofar gidansa a wuce famfon bakin layi, a bi ta garejin makanike, a fito ta shagon mai kek, a dawo. Zai ɗaura balan-balan goma sha takwas a ƙugu. Duk zagayen da ya iso ƙofar gida zai fasa ɗaya, ya ɗaga murya ya faɗa wa duniya abin da Tsigi ta yi a wannan shekarar. A zagayen ƙarshe ya karɓo kek ɗin da hannunsa ya shigo da shi ana tafi. Zai fara ƙarfe biyu, ƙarfe huɗu ya gama, ya yi wanka, har ya sami lokacin zaman da take ta magana a kai.

Tsigi ta kalle ni ta cikin madubi. Na gode Allah bakina cike yake da fil, ban iya cewa komai ba.

"Tela," in ji Guguwa, "ni ma ɗinka min riga, ka rubuta sha takwas a ƙirji."

Na zagaya tef a cikinsa na ce arba'in da huɗu.

"Tef ɗinka ya sha ruwa ya tsuke. Talatin da shida nake tun ina saurayi."

"Saurayin yana nan ciki," in ji Mai Aski, maƙwabcina, wanda ya leƙo ba a gayyace shi ba, "sai dai an ɗora masa bene."

Na ɗinka talatin da shida, tunda mai kaya shi ke da kayansa.

Asabar ƙarfe biyu, rana na dukan tsakiyar kai, Guguwa ya fito. Sai da matarsa da ƙaninsa suka taru kafin rigar ta shiga, lambar ɗaya tana ƙarƙashin hammatar dama, takwas tana ta hagu. Balan-balan na ja a bayansa. Ya ari allura a wurina, Mai Aski ya fito da benci, mai kantin layinmu ya rufe rabin ƙofa ya zo ya zauna.

"Ku kalla da kyau," in ji Guguwa. "Wanda ya ƙifta ido shi ya so."

Zagayen farko ya dawo yana ɗaga mana hannu. Ya fasa balan-balan, fam! "Shekara ɗaya! A wannan shekarar ta ciji likita a yatsa!" Muka tafa. Na biyu, ta faɗa bokitin wanki da kai. Na uku, ta haɗiye maɓalli a shagon Tela, aka kwana biyu ana jiran fitowarsa. Wannan gaskiya ne, maɓallin rigar wani malamin makaranta ne, kuma ban taɓa gaya masa inda ya biyo ba.

Yana cikin dariyar labarin ne ya dubi hannunsa, sai fuskarsa ta canza.

"Lafiya?" in ji Mai Aski.

"Ban danna ba."

"Me?"

"Agogon! Ban danna shi ba! Sifiri yake nunawa!"

"To ai mu mun gani," na ce. "Mu uku shaida ne, uku ka yi."

"Tela, kai agogo ne? Gudun da agogo bai gani ba, ba a yi shi ba!"

Ya sa mai kanti ya kawo sababbin balan-balan uku, ya hura su da ɗan numfashin da ya rage masa, ya danna agogo, ya koma farko. Haka Tsigi ta sake cizon likita, ta sake faɗawa bokiti, ta sake haɗiye maɓalli. Matarsa ta leƙo da wuƙar yankan albasa a hannu ta ce, "Baban Tsigi, sau nawa yarinyar nan za ta yi shekara uku?" Ya wuce yana haki, don maganar ma ta fara yi masa tsada.

A zagaye na biyar rigar ta ce ta gaji. Ya ɗaga hannu zai fasa balan-balan, sai muka ji ɓarrr, ta tsage daga wuya har cibiya. Tumbin ya fito ya sha iska.

"Ɗinkin banza!" ya faɗa yana wucewa.

"Talatin da shida ne cif!" na ɗaga murya. "Ka tambayi saurayin!"

Makanike yana da wani jan kare wanda ba ya kula kowa. Tun ƙarfe biyu yake kwance ƙarƙashin mota yana kallon wani mutum na wucewa da abubuwa masu launi suna tsalle a bayansa. A zagaye na bakwai haƙurinsa ya ƙare. Mu dai daga benci muka jiyo ihu, muka ruga, muka tarar da Guguwa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya ratsa ta cikin garejin, ya tsallake tayoyi uku, ya ɗare kan wata tsohuwar motar da aka cire wa inji. Karen yana ƙasa yana bin balan-balan ɗaya bayan ɗaya, fam, fam, fam, har ya gama da su tas, ya koma ya kwanta abinsa.

"Wallahi yau na yarda da sunan nan," in ji makanike yana share hawayen dariya da tsumman mai. "Shekara goma ban taɓa ganin ka yi gudu ba sai yanzu."

"Dabara ce," in ji Guguwa daga kan mota. "Ana kiranta ƙarin wuta. Ku da ba 'yan wasa ba ba za ku gane ba. Kama karenka in sauko."

Daga nan ya daina bi ta gaban garejin, ya koma yanke ta wani lungu. Kuma tunda babu balan-balan, in ya iso ƙofar gida sai ya tsaya ya ce "Fam!" da bakinsa, sannan ya ba da labarin shekarar.

Ƙarfe huɗu ta yi yana kan takwas. Ƙawayen Tsigi suka fara isowa cikin kwalliya, da 'yan ajinsu maza biyu masu sabon aski, da ƙannen uwarta. Suna sauka daga mota sai ga wani mutum da yagaggiyar riga da zaruruwa na ja a bayansa.

"Fam! Shekara tara! Ta yanke gashin girarta da almakashi, wata guda tana zuwa makaranta da fuska kamar ƙwai!"

"Wane ne wannan?" in ji wata doguwa.

"Babana ne," in ji Tsigi daga bakin ƙofa. Ba ta ɓoye fuska ba, ba ta kuma yi dariya ba. Yarinyar nan tana da haƙurin da ni ban da shi.

Goma ta wuce, sha ɗaya, sha biyu, gudun ya koma abin da ko tsohuwa mai sanda za ta yi masa sallama ta wuce. Amma labaran suna zuwa. Sai a sha uku, ya iso, ya ce "Fam!", ya buɗe baki, ya tsaya.

"Shekara goma sha uku! A wannan shekarar..." Ya sosa ƙeya. "A wannan shekarar ta... ta ƙara tsawo!"

"Allah ya ƙara basira," in ji Mai Aski.

A sha huɗu abin ya fi muni. Ya tsaya yana haki, ya dubi sama, ya dubi ƙasa, idonsa ya yi haske.

"Shekara goma sha huɗu! A wannan shekarar na zo na ɗari biyu da bakwai a tseren bakin kogi!"

Ba wanda ya tafa. Sha biyar, a shekarar ya sayi takalmi mai iska a ƙasa. Sha shida, a shekarar farcen babban yatsansa ya fita. Tsigi tana tsaye tana ji, hannunta a kan kujerar da ta ajiye masa a tsakar gida, wadda ake hangowa daga titi. Ni da na san yarinyar tun tana rarrafe a cikin ƙyallayen shagona, raina ya ɓaci ƙwarai, har na daina dariya.

Biyar ta wuce, biyar da rabi ta wuce. Lemo ya huce, wata ƙanwar uwar ta fara neman takalminta, 'yan matan da za su yi nisa suna duba waya. Matarsa ta tare shi a tsakiyar titi a ƙarshen zagaye na sha bakwai.

"Baban Tsigi, mutane za su watse. Bari in aika a karɓo kek ɗin."

"Kada wanda ya taɓa min kek! Na ce wa mai kek ko ke kika je kada ta bayar."

"Ka ce mata me?"

"Saura ɗaya! Ku shirya tafi!"

"Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho," ta ce, ta juya.

Ƙarfe shida saura kwata muka hango shi ya ɓullo daga kwanar mai kek, rungume da farin kwali a kan tumbi, yana tafe kamar mai ɗauke da tukunyar ruwan zafi. Ai kuwa sai gida ya ɗauka. Baƙi suka fito titi suka yi layi biyu, aka fara waƙa da tafi, mai kanti yana buga murfin bokiti. Duk haushin da na ji sai da na miƙe ni ma. Tsigi ta fito tsakiya cikin shuɗiyar rigar da na ɗinka, fuskarta ta washe, ta miƙa hannu biyu.

Saura taku biyar ya isa gare ta, Guguwa ya karkata hannu ya dubi agogo.

Lungun nan da yake yankewa don gudun kare ya ci masa hanya. Agogo ya ce goma sha bakwai da ɗigo bakwai.

Wallahi da idona na gani. Ya kauce wa hannun 'yarsa, ya wuce ƙofar gidansa, ya ratsa masu tafi, ya miƙi layi da kek ɗin.

"Saura mita ɗari uku! Yanzu zan dawo!"

Waƙar ta mutu a bakin mutane. Mai kanti ya tsaya da murfin bokiti a sama. Tsigi ta dubi hannuwanta, sannan ta sunkuya ta cire takalmanta masu tsini, ta miƙa wa uwarta, ta tattare rigar zuwa gwiwa.

Ban san yarinyar na gudu ba. Babu wanda ya sani a layinmu, kuma na tabbata uban ne ƙarshen sani. Ta tashi kamar an harba ta, ƙafa ba takalmi, mu kuma muka bi baya, ni da tef a wuya, Mai Aski da tawul a kafaɗa.

To ga inda halin ɗan tsere ya kashe shi. Guguwa ya ji takun ƙafa a bayansa. Bai waiga ya ga ko wane ne ba, abin da ya sani kawai wani na shirin wuce shi. Sai ya ƙara wuta. Tsigi ta zo ta gefensa ta wuce shi kamar yana tsaye, ta juyo tana gudu da baya tana fuskantarsa.

"Baba, ba ni kek ɗin, sai ka ƙarasa."

"Ba a... wuce... Guguwa!"

Ya yunƙura zai ƙara, jijiyar ƙafarsa ta dama ta ɗaure tamau. Ya yi wata ƙara, ta hagu ma ta ce ba a bar ta a baya ba. Daidai famfon bakin layi, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa, ya tafi gaba ɗaya. Kwalin ya riga shi sauka ya buɗe, tumbin ya sauka a kan kek ɗin.

Muka iso muka kewaye shi, baƙi da maƙwabta da masu ɗiban ruwa. Aka juya shi rigingine. Kek ɗin ya zama faifai, rubutun da ke kansa ya koma kan cikinsa, sha takwas a juye.

Ko a nan bakin bai mutu ba. Ya ɗaga yatsa ya nuna Tsigi. "Kun ga gudun nan? Jinina ne! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe!"

"Gaskiya ne," in ji Mai Aski, "sai dai yau barewar ce ke rarrafe."

Rarrafen kuwa ya fara. Ya dubi agogo, goma sha bakwai da ɗigo tara, ya kafa gwiwar hannu a cikin taɓo yana jan jiki. "Mita ɗari kacal. Ku matsa min."

Tsigi ta durƙusa a gabansa, rigar da na kwana uku ina yi wa aiki ta shiga taɓo. Ko haki ba ta yi.

"Baba," ta ce a hankali, amma kowa ya ji, don an yi tsit. "Jibi zan tafi. In kana so ka ƙarasa, ƙarasa. Zan koma in jira ka. Na saba."

Guguwa ya tsaya. Ya dubi agogon, ya dube ta. Ya daɗe yana kallonta, kamar wanda aka ce masa ga 'yarka bayan doguwar tafiya. Sai ya ɗaga hannun dama mai taɓo, ya kai kan agogon, ya danna. Muka ji 'yar ƙararsa, tit. Mutumin da bai taɓa tsayawa a kan guntun lissafi ba ya kashe agogo a kan ɗigo tara, a gaban unguwa guda.

Ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hammatarsa ta ɗaga shi, sai ga kansa bai wuce kunnenta ba. Suka juyo gida a hankali, yana ɗingishi, mu muna biye, matarsa ta ɗauko abin da ya rage na kwalin.

Mun yi rabin hanya Mai Aski ya yi gyaran murya. "Guguwa, ni fa ban yi boko ba. Amma daga famfo zuwa gidanka ai mita ɗari biyu ne. Da ka bar agogon yana tafiya, da tuni sha takwas ɗinka ta cika."

Guguwa ya tsaya cak. Na ga lissafin ya shige shi har ƙashi, yatsansa ya fara tafiya wajen agogon da kansa. Sannan ya sauke hannun ya mayar kan kafaɗar 'yarsa.

"Mai Aski, in ka sake magana sai na sauya wurin aski."

Aka zaunar da shi a kujerar, aka ɗora ƙafafunsa a kan bokiti. Babu abin da za a yanka, sai aka raba cokula, kowa ya kankari rabonsa daga kwali, har ƙanwar uwar da ta riga ta sa takalmi ta cire ta zauna. Tsigi ta ɗebo cokalin farko ta ba shi a baki. Ya tauna, ya haɗiye, idonsa ya kawo ruwa, ya ce gumi ne.

Ina kusa da su ina goge taɓon gefen rigarta, shi ya sa na ji lokacin da ya rage murya.

"Tsigi, wai shekarar nan ta sha huɗu, me ya faru ne?"

"Labarin da tsawo, Baba."

"Ai ƙafar ba ta zuwa ko'ina."

Ta ajiye cokalin, ta jawo kujerarta kusa da tasa, ta fara.